Aji Uku a Kowane Gari

A tashar motar Obi da ke Lafia, wata yarinya tana zaune kan naɗaɗɗiyar katifa, tukwane kewaye da ita. Za ta kai shekara goma sha biyu. Rigar makaranta ce a jikinta, amma an cire bajin aljihu, sai ramukan allura. Mahaifinta, da alama ma'aikaci ne da aka sake yi wa canjin gari, yana taya kwandasta ɗaure gado a saman mota.

Wata mai tallar gyaɗa, sa'arta, ta sauke faranti kusa da ita.

"Ƙawata, aji nawa kike?"

"Uku."

"Ke? Da wannan tsawon naki?"

"A Ashige uku, a Assakio uku. Kowane hedimasta sai ya ce a fara gwada ni a uku."

Mai gyaɗa ta yi dariya, ta zuba mata kaɗan a tafi. "To, yaya sunanki?"

Yarinyar tana kallon motar, ba mai tambaya ba. Wanda ya saba da bankwana ba ya ɗokin gaisuwa.

"Bar shi kawai," ta ce. "Kafin ki riƙe, mun tashi."