Allon da Ba a Goge Ba

Ranar da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci a Talata Mafara, bayan La'asar ne, a wani ajin sakandare da aka ara mana. Na zo ne don in iya karanta rubutun jikin kwalbar maganin feshi, tunda maƙwabcin gonata a Bakolori ya ƙone albasarsa da shi.

Na tarar da allo cike da manyan haruffa, ga ƙananan lambobi maƙale a gindinsu, wasu kuma a bisa kansu. Na ce a raina, in da wannan ake farawa, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, gara in koma gida tun ban sha kunya ba. Ina shirin sulalewa daga bencin baya sai malamin ya shigo, ya nuna ni.

"Baba, taso gaban allo."

Na ce, "Malam, wallahi ban iya ba."

Ya miƙo mini tsumma. "Gogewa za ka yi. Darasin sinadarai ne na ɗaliban safe." Ya ɗora yatsa a wani wuri. "Wannan ruwan sha ne. Kowane sinadari a cikinsa ana ba shi lamba. Wannan a ɗebe biyu ne, waɗannan biyun kuma a ƙara ɗaya-ɗaya, in an haɗa su tashi sifili."

"Mu ma za mu kai nan?"

"Bari mu gama da harafin farko tukuna."

Na goge allon. Kafin in juyo bencin baya ya cika, dole na zauna a na gaba, dab da malam.