Furen da Baffa Ya Sare

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa zem, wato acaɓa, duk sanda na sauke fasinja a unguwar Houéyiho sai na tsaya kallon masu sayar da furanni a bakin titi. Wata rana na kasa haƙuri, na sayi ɗan bugenbiliye, furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga. Ƙato da ni, da gemu, na goyo tukunyar fure a babur har Zongo, ana ta yi mini dariya.

A jikin katangar gidanmu na dasa shi. Ƙasarmu yashi ce zalla, sai da na je Sèmè-Kpodji na ɗebo baƙar ƙasa da kashin shanu. Awaki suka ci rabonsu, na kewaye shi da tsofaffin tayoyi. Sannu a hankali ya haye katangar, ya yi jawur. Mahaifiyata, da ciwon ƙafa ya hana ta fita, takan sa a shimfiɗa mata tabarma a zaure don ta kalle shi.

Baffana kuwa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu, wurin yake so ya ajiye kwantenar kanti.

"Wannan abin, miya ake yi da shi?"

Na ce, "A'a Baffa, Inna ce ke kallonsa."

Na tafi ta'aziyya arewa, na dawo na tarar an sare shi, rassan na zube a bola. Daga ranar Inna ta daina fitowa zaure. Wannan ne ya ƙona mini rai.

Na kwaso rassan, ƙaya na sukata, na yayyanka su, na soke a gwangwanayen tumatir, na jera daidai inda Baffa ke alwala.

"Jayayya za ka yi da ni?"

"Allah ya tsare ni, Baffa. Katanga taka ce, gwangwani nawa ne."

Da yawa sun bushe. Waɗanda suka kama na kai ɗaya tagar Inna, sauran na raba wa maƙwabta. Yanzu a lungunmu, duk inda Baffa ya juya sai ya ga ja.

Yayyena sun matsa in ba shi haƙuri. Kullum ina durƙusawa in gaishe shi, in ɗaukar masa buta. Amma haƙuri a kan furen nan, har yau ban bayar ba, kuma ba ni da niyya.