Ai Taku Ce, Inna

Ni dai ba a ƙwace mini 'ya ba. Da bakina na bayar da ita, ina murmushi, da iyafis maƙale a kunnena ɗaya. Shi ya sa har yau ba ni da inda zan kai ƙara, ba ni kuma da wanda zan yi wa fushi in huce.

Gidanmu yana bayan garin Minjibir, inda gidaje suka fara yin tsilla-tsilla a cikin gonaki. Da damina idan gero ya tashi, ba ka hango katangar maƙwabci, sai dai ka jiyo tarinsa. Maigidana malamin sakandare ne a garin. Ni kuwa aikina a cikin kwamfuta yake. Manhaja nake rubutawa, in gyara ta idan ta lalace, a wani kamfani da ban taɓa taka ofishinsa ba. Abokan aikina fuskoki ne kawai a allo. Mun sa sola a rufin ɗaki, kuma akwai waje ɗaya a tsakar gida, gindin darbejiya, inda sabis yake zama. Can na kai teburina. Matan unguwa sun daɗe suna ɗauka fim nake wuni ina kallo. Da na gaji da bayani sai na bar su a haka.

Da na haihu, mace ce, aka sa mata sunan mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Inna. To kun ga an ɗaure ni ta hanya biyu. 'Yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Sannan ga shi sunan surukata ne, wanda ko babu 'ya bakina ba zai iya furtawa ba. Sai na zauna ina ce mata "ke", in da mutane nake magana in ce "yarinyar nan". Waje ɗaya nake faɗin sunan. Shi na mayar kalmar sirrin da nake buɗe kwamfutata da ita. Kullum da safe yatsuna suna kiran ta, allo ya mayar da haruffan ɗigo-ɗigo, babu wanda ya ji.

Ba zan yi ƙarya in ce reno da wannan aiki suna jituwa ba. Aikin namu yana son ka riƙe zare a kanka. Ka yi nisa kana bin inda kuskure ya ɓuya, saura kaɗan ka kama shi, kuka ɗaya ya tsinka maka komai, sai ka koma farko. Na yi rubutu a tsaye da goyo a baya, ina jijjiga ina danna maɓallai. Na yi mitin ina ba da nono, kyamara a kashe. Da ta fara haƙori, wayar cajina ta samu ta tauna. Akwai ranakun da abinci ya ƙone, akwai waɗanda na tsawata mata a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma da maigida ya fita makaranta, gida ya zama daga ni sai ita, duk abin da aka hana ni yi nake yi. In ɗaga ta sama, in ciji tafin ƙafarta, in yi mata waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi. Gajiya ce ta gaske, kuma ban taɓa neman a raba ni da ita ba.

Inna tana zaune a wani ƙauye wajen Kunci. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse, daga ita sai awakinta da 'yar gonar gyaɗa. Ina so a fahimci wannan da kyau: Inna ba muguwa ba ce. Da ma muguwar ce, da abin ya zo mini da sauƙi. Duk zuwan da za ta yi sai ta riƙo mini daddawa da ƙuli-ƙuli, kuma ba ta taɓa ce mini in bar aiki ba. In ta ga na sa iyafis, a hankali take taka ƙasa, har kaji take kora kada su dame ni. Yarinyar kuwa "takwara" take ce mata, tana faɗi tana dariya.

Ranar da abin ya faru, ana gab da saukar damina. Inna ta zo mana kwana biyu, maƙwabta mata suka shigo gaishe ta, suna zaune a tabarma ana ɓare gyaɗar iri. Ni ina gindin darbejiya, wani abu ya lalace a wajen aiki tun safe, shugabanmu yana ta magana a kunnena. Yarinyar ta taso da tafiyarta ta tangaɗi, ta riƙe zanena tana kuka. A gaban surukata da baƙi ba ni da damar ɗaukarta in rarrasa, ga kuma mutane suna jiran amsata a allo. Na yi kamar ban gan ta ba. Inna ta tashi ta ɗauke ta, ta goya, kukan ya tsaya.

Da mitin ya ɗan lafa, na cire iyafis na kunne ɗaya na matso in gaisa da baƙi. Sai Inna ta ce, "Wannan takwarar tawa ai ta isa yaye. Ki ba ni ita in tafi da ita in yaye miki, ke ma ki samu ki yi aikinki a tsanake."

Duk 'yar da aka yi wa tarbiyya ta san amsar wannan magana. Ban ma yi tunani ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai taku ce, Inna."

Irin maganar nan ce da muke yi kullum. A yaba zanenki ki ce ai naki ne, a yaba akuyarka ka ce ai taka ce, kowa ya san kara ce, ba mai ɗauka. Na manta cewa 'yar fari ba zane ba ce, ita ana ɗauka. A wajen aikina, kafin ka goge abu mai muhimmanci sai kwamfuta ta sake tambayarka ko ka tabbata. A kan tabarmar nan ba wanda ya sake tambayata. Matan suka hau sa mini albarka, ɗayarsu ta ce dama 'yan boko ba duka suka zubar da kunya ba. Na mayar da iyafis kunnena, ban ji ko kalma ɗaya daga abin da ake faɗa ba.

Da yamma na tari maigida a ɗaki. Na ce ya je ya gyara maganar. Ya ce, "Wace magana zan gyara? Ke kika ba ta, a gaban mutane. Kuma ai kwana biyu ne." Na ce masa ni ma Bahaushiya ce, na san tsawon kwana biyu. Ya ce shi ma a hannun kakarsa ya tashi, me ya same shi? Na ce, "Abin da ya same ka shi ne ba ka iya buɗe baki a gaban mahaifiyarka, kamar baƙo." Maganar ta yi masa zafi, kuma don ta yi zafin na faɗa. Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Da safen da za su tafi, ni na haɗa kayanta. Ba a raka 'yar fari ana kuka, don haka a bakin ƙofar ɗaki na tsaya na yi wa Inna Allah ya kiyaye hanya. Ina jin ƙarar babur har ta ɓace. Sannan na je na buɗe kwamfuta, don lokacin aiki ya yi.

Nono ya cika ya kumbura ya yi mini zazzaɓi, daga baya ya haƙura ya kafe. Aiki kuwa ya miƙe tiryan-tiryan. Abin da a da nake kwana ina tashi a kansa, sai in gama kafin azahar. Shugabanmu ya yaba mini a gaban kowa, ya ce na dawo yadda ya san ni. Wallahi ban taɓa jin yabon da na tsana kamar wannan ba. Tsakar gida ta zauna fes, inda na ajiye abu nan zan same shi. Sau da yawa ina cikin rubutu sai in ga ƙafata tana jijjiga ita kaɗai.

Wayar Inna 'yar ƙarama ce mai maɓallai, ba hoto ba komai, sabis ɗin can kuma sai an fita bayan gari. Ni da nake magana fuska da fuska da mutanen da ke wata uwa duniya, 'yata da ke cikin jiha ɗaya da ni sai dai murya, muryar ma ta satar ji. Don ba zan ce a ba ni ita ba. Sai in gaishe da Inna, in tambayi damina, in tambayi awaki, in tambayi ciwon gwiwarta, can a ƙarshe in ce, "Ya yara?" Ta ce, "Takwara lafiya lau, ta yi ɓul-ɓul." Wani lokaci in jiyo ta daga nesa tana kiran akuya da kalmomin da ba ni na koya mata ba.

Mun je da salla. Ta kalle ni daga bayan zanen Inna, aka ce ta zo ta gaishe ni, ta zo ta tsaya, ta karɓi alewa ta koma. Gida cike da dangi, ban ko riƙe hannunta ba. A hanyar dawowa maigida ya ce, "Kin ga yadda ta yi kyau?"

Da kaka ta yi, ana yankan dawa, na ɗauki hutu a wajen aiki. Na gaya wa maigida zan je in ɗauko ta, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Bai hana ni ba, bai kuma ce zai raka ni ba. Na shiga mota zuwa birni, na sake wata, na sauka a bakin titi na bi 'yar hanyar da ta ratsa gonaki har ƙauyen. Na kwana. Da safe bayan an sha koko, na durƙusa a gaban Inna, na ce, "Inna, na zo ne in tafi da ita."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa gori, har amsoshi na tanada. Sai kawai ta ce, "To." Ta tashi ta ɗora ruwa ta yi mata wanka, ta shafe ta da mai, ta sa mata kwalli. Ta ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da ɗan kofin da ta ce ba ta shan ruwa sai da shi. Ta ce kada in ba ta kunu da zafi, kuma in za ta yi barci a riƙe mata kunne. Ni ake gaya wa yadda 'yata take barci. Sannan da hannunta ta ɗora mini ita a baya, ta ɗaure zanen.

Yarinyar ta ɗauka wasa ne, har muka fita zaure. Da ta waiga ta ga Inna ba ta biyo mu ba, sai ta ƙwalla ƙara. Na taɓa jin kukanta na yunwa da na ciwo da na rigima, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Tsoro ne. Tana banƙarewa tana dukan bayana, tana kiran Inna. Masu yankan dawa suka miƙe suna kallonmu. Na yi jijjiga, na yi waƙar nan tamu ta da, ba ta gane ta ba. Kafin mu kai titi muryarta ta dushe, ta yi mini amai a wuya.

A bakin titi akwai wata dattijuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa. Ta ba ni ruwa na wanke jikina, ta tsaya tana kallon yadda yarinyar take shiɗewa tana miƙa hannu wajen ƙauyen. Ta ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan ba ta saba da ke ba. Da kin bari uwarta ta rako ku."

Mota ta zo ta tsaya, kwandasta yana ta kiran Kano. Na ce ya je.

Na juya na bi hanyar da na fito. Inna tana nan a zaure inda muka bar ta, ko mayafinta ba ta gyara ba. Na kwance zane. Tana karɓarta kukan ya tsaya, sai ajiyar zuciya, ta cusa kai a wuyanta. Inna ma hawaye take yi. Ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Sai ta ƙara wayo." Na ajiye jakar kayan a gefenta. Ban shiga ciki ba, don na san in na zauna ba zan iya tashi ba.

Da na komo bakin titi, mai gyaɗa ta ga bayana ba kowa. Ta gyaɗa kai ta ce, "Yawwa, kin kyauta da kika mayar wa uwarta."

Na ce, "Eh." Na matsa gefe na tsaya ina jiran wata motar.