Faifan da Aka Zare da Wuri

A gidan rediyonmu kowa Injiniya yake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana ɗakin ajiyar sauti, ɗakin da ba taga, sai fanka mai kuka da kujerar da aka tokare da bulo. Duk wasan kwaikwayon da na rubuta, a hannunsa yake kwana.

Akwai faifan kwamfuta guda mai ɗauke da wasanni tamanin na marigayiya Goggo Mai Tsiwa, wadda ta shekara goma tana sa mutane dariya a shirinmu. Muryarta ba ta ko'ina sai nan. Da faifan ya soma gardama, Injiniya ya sa masa manhajar gyara, bai tsaya kwafe abin da ke ciki ba. Wajen azahar manhajar ta rubuto cewa ta gama. Direba kuwa yana waje yana ta danna ham, za su fita ɗaukar shiri.

"Injiniya, ko in kawo maka tabarma ne?"

"Ga ni nan, sarkin gajen haƙuri!"

Ya ga 'yar fitilar faifan tana ƙyaftawa, amma ya fizge igiyar. Ashe gyaran bai gama sauka ba, rabi ya hau faifai, rabi na cikin kwamfuta yana jiran layi. Washegari sunayen wasannin suka koma shirme, ko ɗaya ya ƙi buɗewa.

Wata uku yana tono, ya ceto sha ɗaya. Tun daga nan sai ya kwafa kafin ya taɓa gyara, sai ya umarci kwamfuta ta saki faifai, sannan ya naɗe hannu har fitilar ta mutu. Har wasiƙa ya aika wa masu manhajar, ya ce su hana ta cewa ta gama alhali da saura.

Bara 'yar Goggo ta zo wajen Injiniya, ina zaune.

"Kawu, wasan nan nake so, wanda Inna ta fashe da dariya har ta manta maganarta. Yarana ba su taɓa jin muryarta ba."

Ya duba allon kwamfuta.

"Ba ya cikin waɗanda suka tsira."

"Wuta aka ɗauke?"

Na so ya ce e. Ba wanda zai ƙaryata shi.

"A'a, 'yata. Ni na zare. Minti ɗaya na kasa jira."

Sai ta ce ya ba ta sha ɗayan da ya ceto.