Ɗigo Huɗun da Na Kankare wa Babana

Wata Asabar ce, shekarar da nake aji shida, ina zaune a ɗakin wankin hoton Babana a unguwar Nima ta Accra, reza a hannuna, ina ji da kaina. Baba mai hoto ne, na aure da suna da fasfo, kuma tun da yanar ido ta fara rufe masa gani ya koya mini gyaran fim. Ƙa'idar shagonmu ɗaya ce: duk baƙin ɗigon da aka gani a fim datti ne, a kankare shi da bakin reza kafin a buga, don ba amaryar da za ta karɓi hotonta da farin tabo a goshi. Ranar sai na tarar da wani fim rataye a igiya, fayau, ba mutum ba kujera, sai wani baƙin abu kamar ƙwayar dawa da ɗigo huɗu a jere kusa da shi. Na ce kai, wannan datti haka! Na kankare su tas, na fice sayen waakye, shinkafa da wake, ina tsalle.

Ashe ta'asa na yi. Baba yana da wani madubin hangen nesa da ya samo wurin wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tema. Da an idar da magariba sai ya kinkime shi zuwa saman benen maƙwabcinmu, ya ɗaura masa kyamara. Mu a lokacin muna layin famfo ko wanke-wanke, in mun samu sarari mu buga wasan ampe, wa ya damu da abin da tsoho ke leƙe? Mma, mahaifiyarmu, kuwa tsiya take masa: "Mutumin da ba ya ganin allura a tabarma, wai shi ne mai duba sama." Tauraron Mushtari yake bi, yana son ya kama shi a hoto da ƙananan watanni huɗun da ke kewaya shi. Wata da watanni yana fama: yau gajimare, gobe hayaƙin masu suyar kifi, jibi yara su ruga a guje benen ya girgiza. Sau ɗaya tak ta yi masa kyau, a fim ɗin nan da na kankare, kuma ya san kafin baɗi idonsa ba zai iya saita madubin ba.

Da ya dawo daga la'asar ya ɗaga fim ɗin wajen fitila da gilashinsa, ya daɗe. "Rabi, ina watannin?" Da na gane, na fashe da kuka, ina jiran bulala. Sai ya zauna a benci, ya ce, "Aiki ya yi kyau, ko alama ba ki bari ba. Laifina ne, na koya miki gogewa ban koya miki dubawa ba." Da magariba ya ja hannuna muka hau benen, Mma tana ta faɗan kwanuka. Na sa ido, sai ga su, ƙanana, fes, uku a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen. Tun daga ranar ni ke saitawa, shi yana danna kyamara, har muka sake kama su bayan mako uku. Da hoton ya fito bai iya ganinsu ba. Ya miƙo mini yatsansa, na ɗora shi a kan kowane ɗigo, yana ƙirgawa a hankali har huɗu.

Yanzu ina ɗaukar hotuna da yawa a jere, kwamfuta ta haɗa mini su, har zanen jikin Mushtari yana fitowa, ko da yake fitilun Accra sun kusa cinye sama. Baba bai ga ko ɗaya ba, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa na buɗe akwatinsa, na tarar da fim ɗin da na ɓata a naɗe cikin farar takarda, ya rubuta sunana a kai. Har yau in na ga ɗigo a hoto, sai na duba sau biyu kafin in taɓa shi.