Jirgin Kakana Bai Tsaya Ba

Babana labari ɗaya gare shi, kuma ya ishe mu da shi. Ko shayi aka miƙa masa a rumfarmu ta Kasuwar Libiya da ke Omdurman, sai jirgin ruwan nan ya faɗo cikin zance. Ni da yayana mu haɗa ido, in ce, "Baba, yau ma za mu hau?"

Jirgin na attajiran Turawa ne, da shi suke ƙetare teku ana ci ana rawa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke aka shafe shi da fenti ruwan toka, aka rufe madubai da katako, aka jera gadaje hawa-hawa a ɗakin rawar, aka cusa sojojin ƙasar Hausa kamar buhunan gero. Kakana yana ciki. Ƙanensa yana jirgin da ke gefensu.

Da hantsi aka harbo wancan jirgin ta ƙarƙashin ruwa. Mai ya malale bisa teku ya kama da wuta. Kakana yana riƙe da ƙarfen baranda, yana jin mutane suna ƙonewa suna kiran iyayensu mata da Hausa. Doka ce ba a tsayawa, wanda ya tsaya shi ma za a same shi. Kakana ya yunƙura zai dira, saje ya fasa masa baki da gindin bindiga. Bayan yaƙi ya kasa komawa ya dubi idon tsohuwarsu, sai ya yo gabas, ya ƙare a gonakin audugar Jazira. Haka muka zama 'yan Sudan.

Ni haushi labarin yake ba ni. Mutum ya baro garinsu har abada saboda laifin da ba nasa ba? Nakan faɗa wa Baba haka a gaban idonsa. Sai ya ce, "Uwata, ke dai Allah ya sa kada ki gane." Sunan tsohuwar kakana na ci, shi ya sa ake kirana haka a gidanmu.

Da yaƙi ya shigo Omdurman aka wawashe kasuwa, muka yi ta jurewa har ruwan sha ya gagara. Muka samu wata lori mai fita yamma, maƙil da mutane. Ni da 'ya'yana biyu da Baba a tsakiya, yayana a saman ƙarfen baya. Rana tsaka, ba mu gama fita daga unguwa ba, dana ta faɗo, wato harsashin igwa. Ƙasa ta tashi. Matar da ke jingine da ni ta zube a cinyata, wuyanta a buɗe, jininta da ɗumi. Na waiga, babu yayana. Yana can kan kwalta, ƙafarsa ɗaya a karye, yana ɗaga hannu.

Muka yi ta dukan kan motar. Direba ya leƙo ya ce wallahi ba zai tsaya ba, yara sun fi yawa a ciki. Na zage shi har uwarsa, alhali na san gaskiyarsa.

Baba, da ko daga tabarmar salla sai an ɗaga shi, ya taka kafaɗun mutane ya kai baya. Na cafke jallabiyarsa. Ya dube ni ya ce, "Sake ni, Uwata. An taɓa barin namu sau ɗaya."

Rigar ta yage a hannuna. Na gan shi ya faɗi, ya mirgina, ya miƙe da rarrafe ya nufi ɗansa. Ƙura ta rufe su.

Daga baya muka ji babu wanda ya rayu a cikinsu. Maƙwabcinmu da ya ƙi fita ne ya binne su a tsakar gidanmu, rami ɗaya. 'Ya'yana yanzu suna tambayata yadda muka zo garin da muke. Da jirgin nake fara musu.