Rasuwar Malam Na'Allah, Muƙaddamin Bakin Kwara

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar na shekara ta 1325, bayan sallar asuba, Allah Ya karɓi ran Malam Na'Allah, muƙaddamin Tijjaniyya na ƙasar Kaoje. Ni Bunyaminu, na'ibin limamin garinmu, nake wannan rubutu, kaina a sunkuye.

Malam, tare muka yi karatu a zaure ɗaya, tare muka karɓi wuridin Ƙadiriyya, ɗariƙar iyayenmu da kakanninmu tun zamanin jihadi. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, wani dattijo daga cikin masu hijira zuwa gabas ya kwanta ciwo a gidanka. Ka yi jinyarsa har ya miƙe, a hannunsa kuma ka karɓi Tijjaniyya. Na yi fushi, na ce ka bar gida. Ka ce mini: "Bunyaminu, Shehun Bagadaza da Shehun Fas ba su kira kowa zuwa ga kansu ba. Dukansu ƙofar Annabi suke nunawa. Riƙe naka da kyau, ka bar ni in riƙe nawa."

Haka ka zauna har ƙarshe. Na tuna ranar da wani almuridinka ya ce a kasuwa wai wanda bai shiga ɗariƙarku ba yana cikin duhu. Ba ka yi masa tsawa ba. Ka ɗauki lauje, ka ce ya ɗauki nasa, kuka tafi fadamar limaminmu, wanda a lokacin ƙafa ta hana shi fita, kuka yanke masa shinkafarsa kafin ruwa ya cinye ta. Mutumin bai sake wannan magana ba.

Da Ingilishi da Faransi suka kafa turakun iyaka, rabin almuridanka, masunta Dandawa, suka wayi gari a wata ƙasa. Ba ka yar da su ba. Duk Juma'a suna shigowa da jiragensu, ku shimfiɗa farin ƙyalle a rumfarka ta bakin kogi, ku yi ta ambaton Allah daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Mai yunwa bai taɓa tashi daga rumfar nan da yunwarsa ba.

Sai abin Satiru ya faru bara, inda masu kiran Mahadi suka yi wa Nasara tawaye. Tun daga nan Nasara ba sa son jin an taru ana zikiri, kowane malami mai jama'a ana yi masa kallon mai kiran Mahadi. Mutane suka fara kauce wa hanyar gidanka. Kai kuwa ba ka ƙara murya ba, ba ka rage ba.

Ranar da ka cika, wani manzon Bature ya kwana a garin. Nan da nan magana ta bazu cewa ya zo ne ya ga waɗanda za su tsaya a kan gawarka. Liman ya aiko cewa jikinsa babu daɗi. Sallar ta faɗo kaina. Na yi alwala, na sa riga, na zauna a zaure ina jiran in ga wani babba ya wuce in bi bayansa. Babu wanda ya wuce. Kowa yana zaurensa yana jiran wani.

Hantsi ya ɗaga sosai sa'ad da yayarka, Inna Iyatu, ta dogaro sanda har ƙofata. Ba ta yi kuka ba.

Ta ce: "Bunyaminu, an yi mai wanka tun ɗazu, an sa mai likkafani. Mi kake jira?"

Na ce: "Inna, ina tafe."

Ta ce: "In tsoro na, hwaɗi mini, in koma in ce ma matatai ta daina duban ƙohwa."

Ta juya. Ko bayan haka sai da na ƙara zama. Da na isa maƙabarta, na tarar masuntan ƙetare sun riga sun yi maka salla, Mamuda babbansu ya ja, har suna mayar da ƙasa. Mamuda ya matsa, ya ba ni wuri in zuba tawa. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da yamma muka ji gaskiyar zuwan manzon: jirage yake nema da za su ƙetarar da kaya. Bai ma san an yi mutuwa a garin ba.

Malam, mutanen garinka, da ni a gabansu, mun bar baƙi sun sallace ka. Ba ni da hanzari. Ba zan bar Ƙadiriyya ba, kai ma ba ka taɓa neman haka gare ni ba. Amma Juma'ar nan zan zauna a gefen rumfarka tare da almuridanka, da rana, kowa yana gani.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da Annabi da waliyyan da ka ƙaunata. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Iyatu, da matarka Riskuwa, da 'ya'yanka Usuman da Khadijatu, da almuridanka na kowane gefen iyaka. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu kuma ku yafe mana, in za ku iya.